Na Yi Wa Maƙogwarona Fuskar Buhu

Edita, ina yi maka sallama tare da masu karatun wannan mujalla. Na daɗe ina karanta labaran mutane a shafin nan ina girgiza kai, yau dai na ce bari in kawo nawa a girgiza mini. A lokacin da abin ya faru jiharmu ta Kebbi ba ta daɗe da samuwa ba, ni kuwa direban babbar mota ne mai bodin katako, ina ɗaukar albasa daga Aliero in kai kudu. Ina zaune a Sabon Garin Jega da matata da 'ya'yanmu huɗu. Ƙato ne ni a lokacin, ga tumbi ga wuya, wuyan da tela ya taɓa ce mini sai ya ƙara yadi saboda shi kaɗai. Motar ta kawuna ce, wani Alhaji babban dillalin albasa, amma makullin a hannuna yake kwana. Wannan makulli shi ne abincina, shi ne kuma mutuncina. Na sa an yi masa maratayi na fata, ko masallaci zan je yana cikin aljihu yana ƙara, don kada wani ya manta ko ni wane ne.

Abu ɗaya aka fi sanina da shi bayan tuƙi, shi ne minshari, wanda mu nan muke ce wa hansari. Ba irin na kowa ba. A tashoshin kudu abokan aikina kan bari sai na shimfiɗa tabarmata tukuna, sannan kowa ya ɗauki tasa ya nemi nesa. Taubashina, wanda ba ya rabo da tsokanata, ya baza a gari cewa wata rana da azahar wata tsohuwa ta yi sallama a ƙofar gidana da kwanon dawa a hannu, wai ta ji an kafa injin niƙa a unguwar. Ni dai ban ga tsohuwar ba, tunda barci nake yi. Ban kuma taɓa jin kunyar abin ba, hasali ma alfahari nake da shi. Mahaifina ya yi, kakana ya yi, don haka nakan ce gado ne, kuma alamar ƙoshi ce, tunda mayunwaci ba ya samun ƙarfin ja irin wannan. Abin da ba na faɗa wa kowa shi ne, kullum sai in tashi da ciwon kai, bakina a bushe, jikina a mace kamar na kwana ina dako. Da rana kuwa barci ba ya yi mini sallama. Ya sace ni ana tsakiyar huɗubar Juma'a a sahu na biyu, ya sace ni ina cikin gaisawa da surukina, sau uku kuma ya sace ni a kan sitiyari, Allah yana tsarewa ina yin shiru da bakina.

Matata ce kaɗai ba ta dariya idan ana wannan hira. Wata rana ta ce mini, Malam, ba ƙarar ke damunta ba, ta saba da ita tun tana amarya. Shirun ne ke tsorata ta. Ta ce ina cikin ja sai numfashin ya ɗauke ɗif, ƙirjina yana ta kokawa amma babu iskar da ke shiga, ita kuwa sai ta kama tasbihi a zuci tana jira. Wani lokaci takan yi subhanallahi ashirin ban numfasa ba, sai ta sa hannun hagu ta zungure ni, in yi wata irin shaƙa kamar wanda aka tsamo daga rijiya, in juya in ci gaba da abina. Shekara goma sha ɗaya tana wannan gadi ban sani ba, da ta faɗa mini kuma sai na hau ta da faɗa. Na ce wace irin mace ce za ta zauna tana ƙirga numfashin mijinta, ko gado take jira. Na ga maganar ta soke ta, amma ban janye ba. Daga ranar ba ta sake tayar da zancen ba, sai dai zungurin bai tsaya ba.

Asirina ya fara tonuwa ne wata rana da hantsi, mun gama lodi a Aliero, Alhaji ya ce in rage masa hanya zuwa Jega. Mun yi nisa kaɗan sai garken shanu ya tare titi, na taka birki ina jira su wuce. Shanu suka wuce, makiyayin ya wuce, har ya ɗaga mana sanda alamar godiya, mota ba ta motsa ba. Alhaji ya waiwayo ya tarar kaina ya langaɓe, bakina a buɗe, na fara gaishe shi da gadon gidanmu. Ya tashe ni muka ƙarasa Jega. Ina kashe mota ya miƙo hannu ya zare makullin ya jefa a aljihun babbar rigarsa. Ya ce ɗana, shi ba zai ɗauki alhakin rayukan mutane ba. Ya ji daga bakin wani ma'aikacin lafiya da ke sayen albasa wurinsa cewa a wani babban asibiti, can wajen jiharmu, likitocin hanci da maƙogwaro suna neman masu irin lalurata, suna nazarin inda iska ke toshewa idan mutum ya yi barci, kuma ba sa karɓar komai. In je su duba ni, in kawo masa takarda, makulli ya dawo. In ban kawo ba, akwai direbobi a tasha suna zaman jiran mota.

A nan ne sana'a ta cuce ni. Duk wanda ya tashi cikin albasa ya san abin da ake kira fuskar buhu. Ƙanana da masu tabo su ake fara zubawa a ƙasa, a tsakiya a sa matsakaita, sannan a zaɓo manya jajaye masu sheƙi a jera a baki, yadda mai saye na leƙawa zai ce a ɗaure masa. Ba mu ɗauke shi ha'inci ba a lokacin, gyaran kaya muke ce masa. To ni da aka ce za a duba ni, ban ji kamar mara lafiya zai je neman magani ba, ji na yi kamar buhu ne za a kai gaban mai saye. Na sami taubashina muka ƙulla shawara. Ya ce ai abin mai sauƙi ne, wanda bai yi barci ba ba a jin hansarinsa. Saƙon asibitin ya ce mutum ya zo da wanda ya san yadda yake barci, wato dai iyalinsa. Na ce ina, ba zan kai matata gaban baƙi tana kwance mini zani a kasuwa ba, balle na san gaskiya za ta faɗa. Taubashi ya ce shi zai tsaya mini shaida, tunda mun sha kwana ɗaki ɗaya muna yara, shekara talatin da suka wuce.

Ranar da muka je, tun a mota na fara cin goro. Da muka sauka na tsaya wurin mai shayi na sa ya dama mini kofi baƙi ƙirin, babu madara, na shanye kofuna uku ina yamutsa fuska. A ɗakin jira na tarar da 'yan uwana, maza masu kaurin wuya sun kai goma a kan benci, rabinsu sun riga sun tafi, kowa da irin muryarsa. Ni kaɗai ne idona tangaran, jajawur, muƙamuƙina yana ta aiki. Har raina su na yi a zuci, na ce ga waɗanda ba su iya kasuwa ba. Likitar da ta gan ni mace ce mai sanyin magana, Hausarta rangaɗaɗau. Ta sa aka auna wuyana da tef irin na tela, ta sa na buɗe baki na zaro harshe, ta haska fitila ta daɗe tana leƙe. Sannan ta shiga tambaya: ko ina gyangyaɗi a zaune, ko a masallaci, ko a kan tuƙi. Duk na ce ban san wannan ba. Da ta juya kan taubashi sai ya zuba gishiri ya wuce misali. Ya rantse cewa barcina shiru ne, har wani lokaci sai sun kara kunne a hancina su tabbatar ina da rai. Likitar ta ɗago ta dube shi, ta dubi wuyana, ta yi murmushi ta rubuta wani abu.

Bayan azahar aka kai ni wani ɗaki mai sanyi, labule a sake, fanka tana juyawa a hankali. Aka maƙala mini wani abu a yatsa, aka ɗaura mini ɗamara a ƙirji, aka ce in saki jiki in yi barcina yadda na saba. Edita, tunda uwata ta haife ni ban taɓa hawa gado mai daɗin wannan ba, kuma a kansa na yi yaƙi mafi wuya a rayuwata. Na jera garuruwan hanya a zuci tun daga Jega har bakin teku, na sake jero su daga can zuwa gida. Na mintsini cinyata har ta yi tabo. Zuciyata tana dukan tara-tara saboda kofi, idona kuwa yana roƙona arziki. Haka na cinye sa'o'i biyu, na fito ina jin na yi nasara. Likitar ta ce Malam direba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta yi mini bayani cewa maƙogwaron mai ido biyu a tsaye yake, sai barci ya zo naman ya saki sannan yake rufewa, kuma kowa da inda nasa ke rufewa: wani can bayan ganɗa, wani a gefe da gefe, wani a gindin harshe. Maganin wannan ba shi ne na wancan ba, yanka ba tare da an gani ba kuwa caca ce. Don haka in dawo bayan mako biyu ba tare da na ci komai ba, za su yi mini allurar barci, su zura wani siririn tiyo mai fitila ta hancina su gani da idonsu. Ta ce in zo da matata, kuma don Allah kada in taɓa sitiyari kafin nan. Ta rubuta ranar a kati, aka buga hatimi.

Tun a hanyar dawowa na san ba zan koma ba. Mai saye da ya ce zai zura hannu har gindin buhu, ai gara ka ce masa kayan ba na sayarwa ba ne. Ga shi kuma a tasha ana cewa wanda aka yi wa allurar barci babu sirrin da ba ya amayarwa, ni kuwa ina da gyangyaɗi uku a kan titi da nake ɓoyo. Na wuce Aliero kai tsaye na miƙa wa Alhaji katin. Shi a allo ya yi karatunsa, boko bai dame shi ba. Na ce masa likitoci sun kwantar da ni sa'o'i biyu cur suna gadina da na'ura, ko ƙyaftawa ban yi ba, ga hatiminsu nan. Taubashi ya ƙara da cewa har mamaki suka yi. Alhaji ya juya katin gaba da baya, ya shafa hatimin da yatsa, ya ce alhamdu lillahi, ya ciro makulli ya ba ni. Na karɓa da hannu biyu. Wallahi a ranar ko ɗar ban ji ba, farin ciki kawai na yi.

Sai dai can ƙasan raina na san akwai gyara, don haka na nemi na gida. Gwaggona ta ce ita ta san tushen abin tun tuni: an haife ni ana tsakiyar tafiya, aka yi suna a gurguje, wanzami bai cire mini beli ba, wato ɗan naman nan da ke reto a can cikin baki. Ta ce shi ne ya girma yake kaɗawa kamar tuta. Maganar ta yi mini daɗi, domin ta ba ni mai laifi ƙarami wanda za a iya gamawa da shi a wuni ɗaya. Na tafi Kimba a ɓoye wurin wani tsohon wanzami. Ya ce shi jarirai ya saba yi wa, amma tunda na zo ba zai mayar da ni ba. Ƙarti biyu suka danne ni a kan turmi, ni mai 'ya'ya huɗu, ya danna harshena da ɗan itace ya sa ƙarfensa. Ba zan bayyana zafin ba, sai dai in ce na ga taurari da rana tsaka. Jini ya ƙi tsayawa sai wajen la'asar, har wanzamin da kansa ya fara salati. Kwana biyar ina shan kunu da cokali ina magana da hannu. Da na warke, minsharin bai tafi ba, sai ma ya samu ƙari: bayan gurnanin da aka sani, yanzu akwai wani ɗan fito a ƙarshe. Matata ta ce shirun nan dai yana nan yadda yake.

Ranar komawa asibiti ta zo ta wuce ina hanyar kudu. Aka shiga bazara, albasa ta cika Aliero, lodi ba dare ba rana. Ana nan sai ƙanwar matata ta haihu a garinsu, Giwa Tazo, wanda ke kan hanyata bayan an wuce Maiyama. Matata ba mai son shiga babbar mota ba ce, takan ce tsayinta na sa ta jiri, amma wannan karon ta nace sai dai in rage mata hanya. Na ɗauke ta a Jega wajen sha ɗaya. A Maiyama na tsaya na yi wa tuwon shinkafa kyakkyawan zama, na bi shi da fura mai sanyi, tana ta ce mini in rage. Muka hau hanya rana ta take, gaban motar ya ɗauki zafi, inji yana ta ruri a ƙarƙashinmu. Sai matar nan, wadda ba ta da yawan magana, ta ɓalle da surutu. Ta ba ni labarin akuyar maƙwabta, ta tambaye ni sunan kowane ƙauye, ta tambayi amfanin kowane maɓalli da ke gabana. Abin ya ishe ni, na daka mata tsawa na ce ta yi mini shiru, direba ba ya son hayaniya. Ta yi shiru. Abin da nake iya tunawa na ƙarshe shi ne titi a miƙe yana ƙyalli.

Sauran labarin a bakin mutane na ji shi. Dab da shiga garinsu kaina ya faɗi a kan ƙirji, mota ta fara sauka daga titi ta nufi wata bishiyar kuka inda mutane ke zaune a inuwa, har da masu tallar abinci. Ta zungure ni ban motsa ba, ta sake zungura ban motsa ba. Sai ta zura hannun hagunta cikin sitiyari ta fizgo shi da iya ƙarfinta. Mota ta kauce wa kukar, ta faɗa wata gona da aka girbe, yashi ya riƙe ƙafafunta ta yi ta rage gudu, har ta je ta hau wani suri ta karkace ta mutu. Sitiyarin da ya juyo shi ya karya mata hannu. Buhuna suka zubo ta gefe suka fashe. Jama'a suka sheƙo a guje, suna isowa suka ji gurnani na tashi daga gaban mota. Wani dattijo ya shiga faɗa wai mi ya hana a kashe motar ga tun ba ta kama wuta ba. Wani ya hau ya murɗa makulli, ya cire shi gaba ɗaya, gurnani bai tsaya ba. Sai da suka ji ɗan fiton nan na ƙarshe suka gane ba inji ba ne. Matata tana rungume da karyayyen hannu, gumi yana keto mata, abin da ta fara roƙonsu shi ne su juya ni in kwanta ta gefe don in samu numfashi.

Na farka na ga fuskoki sun yi mini rumfa, na tambaya ko mun iso. Da na sauko na ga gonar mutane ta yi ja da albasa, kuma ga asirin sana'armu a shimfiɗe: manyan 'yan kaɗan ne, sun gangara gefe, ƙanana da ruɓaɓɓu sun yi tsibi. Wani makiyayi da ya tsaya kallo ya ɗauki wata 'yar mitsitsiya ya juya ta a hannu, ya ce ashe haka cikin buhun yake. Mutane suka yi dariya, ni ma na so in yi, sai na hango matata an zaunar da ita a gindin kukar nan, tsakiyar mutanen da na kusa takewa, mahaifinta yana tsaye a kanta. Bai zage ni ba, bai ko dube ni ba. Na gwammace a ce ya kwaɗa mini mari.

Aka kai ta Aliero wurin masu ɗori, don ko daga nesa nan ake kawo karaya. Ina tsaye aka ja hannun aka daidaita ƙashi aka jera kara aka ɗaure, ta cije mayafinta ba ta yi ƙara ba. A nan Alhaji ya same mu. Ashe da labarin hatsarin ya iske shi, ya kai katin nan wurin wani malamin makaranta ya karanta masa, ya ji cewa ranar komawa ce kawai a rubuce, da gargaɗin kada in yi tuƙi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, nawa ko wata biyu bai kai ba. Alhaji ya ce albasa kowace shekara ana dasa wata, mota ma akwai makanikai, amma ɗiyar mutane fa, da waɗanda ke gindin kuka, a wace kasuwa zan sayo masa su. Makullin yana hannunsa, mutanen Giwa Tazo sun ba shi. Ya kwance maratayin fatar ya miƙo mini, ya ce wannan nawa ne. Da daddare na tambayi matata abin da ya sa ta nace sai ta bi ni. Ta ce sunan jaririn ma sai jibi ne, ita dai ta ga yadda nake tashi da safe a kwanakin nan, ta ce bari ta raka ni da hira iyakar inda za ta iya.

Hannunta na cikin kara muka koma asibitin tare. Likitar ba ta yi mini gori ba, ta dai juya kujerarta wajen matata ta ce Hajiya, ke za ki ba mu labari. Cikin ɗan lokaci na ji abin da na ƙi sauraro game da kaina na shekara goma sha ɗaya. Da likitar ta haska bakina sai ta tsaya, ta tambaya ina belin da ta bari a nan. Na faɗa mata gaskiya. Ta kira abokan aikinta biyu su ma suka leƙa, ta ce na yi sa'a jinin bai tafi da ni ba. Washegari aka yi mini allurar, aka zura tiyon, ban san an yi ba. Da na farfaɗo abin da na fara tambaya shi ne ko na yi surutu, ma'aikaciyar jinya ta ce ko kalma ɗaya, ai ban bar wa magana hanya ba. Daga baya aka zaunar da mu gaban talabijin aka nuna mana cikin maƙogwarona. Na ga wurin belin fayau, babu abin da ya tare. Can ƙasa kuwa wasu tsoka biyu na gefe suna matsowa, gindin harshe yana faɗowa baya, hanyar ta tsuke kamar an ja igiyar bakin buhu, ta rufe ruf. Likitar ta ce wanzami ya hukunta wanda bai ci ba bai sha ba, ɓarayin na nan zaune. Muka yi ta kallon ƙofar nan a rufe. Na waiwaya na ga leɓɓan matata suna motsi, tana tasbihinta yadda ta saba. A nan hawaye suka zubo mini, ban kuma ɓoye su ba.

An cire mini tsokar nan biyu, a asibiti wannan karon, aka ce in rage tumbi, in daina kwanciya rigingine. Likitar ta ba da shawara a ɗinka wani abu mai tauri a bayan rigar barcina, yadda da na juya zai tashe ni. Matata ta ɗinka aljihu da hannu ɗaya, ta zaɓo albasa mafi girma, irin ta fuskar buhu, ta cusa. Mako guda ɗakin ya gagari shiga saboda wari, muka koma goruba. Ban warke sarai ba, ba zan yi muku ƙarya ta biyu ba, amma shirun nan ya ragu ƙwarai, ciwon kai ya tafi, kuma na fara jin huɗuba daga farko har ƙarshe. Na yi ta komawa suna auna ni suna rubutawa, suka ce abin da suka gani a wuyana zai taimaka wa wasu. Taubashi ya ce a ƙarshe dai hansarina ya shiga jami'a. Makulli kuwa ban sake roƙo ba, Alhaji ma bai sake tayi ba. Ya sa ni kula da rumfunan ajiyar albasarsa, a nan na tsufa. Duk wanda ya zo saye wurina, nakan sa a zazzage masa buhu a ƙasa ya gani, abokan sana'a suna cewa na ɓata musu kasuwa.

Abin da na koya shi ne, likita ba mai saye ba ne, ba a yi masa gyaran kaya. Duk abin da ka ɓoye masa, a jikinka zai kwana, wani lokaci kuma a jikin wanda bai ji ba bai gani ba zai fashe. Ina kira ga 'yan uwana masu minshari, musamman direbobi: idan na kusa da kai ya ce numfashinka yana ɗaukewa a barci, ko ka ga rana tana sace ka a zaune, ka ajiye makulli ka je a duba ka, ka kuma tafi da wanda zai faɗi gaskiya, ba taubashi ba. Kada ka kai wuyanka a yanka a kan zato, ka bari masu abin gani su gani tukuna. Ni dariyar da aka yi mini a Giwa Tazo ta daɗe da daina yi mini ciwo, ni da kaina nake ba da labarin a majalisa. Abin da ban iya mayarwa abin dariya ba shi ne hannun matata. Ƙashin ya haɗe amma bai miƙe daidai ba, ba ta iya ɗaukar tulu da shi, in sanyi ya shigo kuma yakan yi mata tsami. Har yau idan na kwanta, wannan hannun take ɗorawa a bayana, wai don ta ji ina numfashi.